Kicin Ɗinmu: Anti, murhun nan nawa yana wani irin kuka

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu ɗaya har nace bari kawai na bar musu filin gaba ɗaya, wato murhun lantarkin nan mai fuskar gilashi da ake cewa indakshan, wanda yanzu ya fara shiga kayan ɗakin amare har a ƙauyuka saboda tsadar gas da gawayi. Masu tambaya kan dambun nama da ajiyar kayan miya kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Anti ina yini ya aiki, Allah ya ƙara basira. Ni amarya ce daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, yayana dake aiki a Kano ne ya siyo min indakshan a gudummawar biki, toh wallahi ina jin daɗinsa don kafin kice me ruwa ya tafasa ga ba hayaƙi ga tukunya fes ba baƙi, amma duk sanda na ƙure shi sai ya dinga wani zuuu ɗirrr har tukunyar tana ɗan karkarwa, in na rage sai ƙarar tayi ƙasa, kuma wata tukunyar tafi wata ƙara, wata ma in na ɗora ƙin yi yake sai dai ya dinga ƙit ƙit yana nuna E0. Rannan Inna, surukata kenan, ta shigo taji, tace ita dai bata yarda da abinda zai dafa abinci ba wuta ba garwashi kuma yana gurnani ba, wai in mayar dashi kwalinsa kar ya fashe damu, shi kuma maigidan yaƙi cewa komai. Dan Allah lalacewa yayi ko haka yake?

AMSA: Wa alaikissalam amarya, Allah ya bada zaman lafiya. Kwantar da hankalinki, yadda kika faɗi abun nan lafiyarsa ƙalau, kuma ƙarar da kike ji yawancinta ma ba daga murhun take fitowa ba, daga tukunyarki ce.

Bari na miki bayanin yadda yake aiki don sai kin gane shi sannan ƙarar zata daina baki tsoro. A ƙarƙashin gilashin nan akwai wayar jan ƙarfe da aka naɗe ta zagaye zagaye, in kin kunna sai lantarki ya dinga kaiwa da komowa a cikinta da mugun sauri, sama da sau 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kai komon shi yake haifar da ƙarfin maganaɗisu wanda yake ratsa gilashin ya shiga gindin tukunya ya tayar da wani lantarkin a cikin ƙarfen, shikenan sai ƙarfen tukunyar yayi zafi da kansa. Shi yasa ba kya ganin ja ba kya ganin wuta. Ilimin ma ba sabo bane, tun shekarar 1831 wani masani a Ingila mai suna Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu mai motsi yana tayar da lantarki a cikin ƙarfe, shigowarsa kicin ne dai ya ɗau lokaci. Toh ƙarfen da ake ta fisgarsa haka ai dole ya ɗan yi rawa, rawar ƙanana ce ido baya gani amma kunne yana ji, sannan wutar da muke amfani da ita a ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa kuma wannan bugun yana bin aikin har cikin tukunyar, shine zuuu ɗin nan mai kauri. In kin taɓa tsayawa kusa da taransifoma kinji yana gunji ai, toh dangin juna ne, ƙarfe ne da maganaɗisu.

Abinda yasa wata tukunyar tafi wata ƙara kuwa, duba gindinsu. Tukwanen silba na zamani da yawa gindinsu hawa hawa ne, an manna ƙarfe kan alminiyum kan wani ƙarfen, toh in mannin bai kama sosai ba sai kowane hawa ya dinga rawarsa daban suna gogar juna, nan ne kike jin ɗirrr. Haka tukunya mara nauyi mai siririn gindi, irin samira ɗin nan masu fenti, suna yi a kansa sarai amma akwai surutu kuma suna saurin kama abinci. Ita kuwa mai nauyi mai kaurin gindi wadda ta zauna daram, da ƙyar zaki ji motsinta. Wani lokacin ma ba gindin bane, murfi ne yake kaɗawa ko kuma kusar hannun tukunyar ce ta kwance, ki sa tsumma ki ɗan danne murfin ki saurara, in ƙarar ta ɗauke kin kama ɓarawon, in hannun ne kuma a ɗaure shi da sukundireba. Ki dinga goge gindin tukunya ya bushe kafin ki ɗora don ɗigon ruwa in ya maƙale tsakaninta da gilashi sai ya dinga tsar tsar, ki ɗora ta a tsakiyar zanen da aka yi, sannan ba dole sai kin ƙure shi har ƙarshen girki ba, da ya tafasa ki rage, ƙara ta ragu kuɗin wuta ma ya ragu.

Maganar E0 da ƙit ƙit, a irinsu da yawa ma'anarsa bai ga tukunyar da zai iya aiki da ita ba, amma ki duba takardar cikin kwalin don kowane kamfani da yadda yake jera lambobinsa. Ina kyautata zaton tukunyar dalma kika ɗora, irin wadda maƙeranmu suke zubawa, ita alminiyum ce maganaɗisu baya kama ta, ga gindinta a zagaye, haka tukunyar ƙasa da ta gilashi duk ba zai kula su ba. Gwajin mai sauƙi ne, ki samu mayen ƙarfe, ko na cikin tsohuwar sifikar rediyo ne yaran gidan zasu samo miki, ki kara a gindin tukunya, in ya manne gam zata yi, in ya faɗi ki barta wa murhun itace. Ranar kasuwa ma ki saka shi a jaka ki tafi dashi, kar mai kaya yace miki ai duk silba tana yi, ba duka ba. Kuma ƙaramin abu sosai kamar ɗan kofi shima baya ganinsa, takardun da yawa suna cewa faɗin gindin kar ya gaza santimita 12.

Ita kuma Inna kar kiyi musu da ita, tsoronta ba na banza bane tunda ita wuta ta sani wadda ake gani a kauce mata. Ki roƙi maigidan ya zauna ya nuna mata da kansa, ya kunna ba tukunya taga ba wuta ba zafi sai ƙit ƙit kawai, ya ɗora taji ƙarar ta taso, ya ɗauke taji ta ɗauke, magana daga bakin ɗanta tafi saurin shiga. Amma fa in an sauke tukunya kar kowa ya dafa wurin, zafin tukunyar yana komawa jikin gilashin.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni magidanci ne daga yankin Bichi. Na iyalina in an gama girki an kashe sai ya cigaba da fuuu kamar ba'a kashe ba, ni kuma sai na zare fulogin don kar ya cinye min yunit. Yanzu kuma sabon salo ya fito, da an kunna sai yayi ƙarara ƙarara kamar wani abu yana bugun wani abu a ciki, can anjima ya kashe kansa ana tsakiyar girki.

AMSA: Malam barka kadai, Allah ya ƙara rufin asiri. Fuuu ɗin nan fanka ce, akwai ƴar fanka a cikinsa dake fifita kayan lantarkin don suna ɗaukar zafi sosai, kuma da gangan aka yi ta cigaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe har cikin ya huce. Dan Allah ka daina zare fulogin nan da wuri, wutar da fankar take ci bata taka kara ta karya ba, amma zafin da kake kullewa a ciki kullum shi yake rage masa kwana. Ka bari tayi shiru da kanta sannan ka zare.

Ƙarara ɗin kuwa wannan ba daidai bane, ko dai wani abu ya shiga yana taɓa fiffiken fankar ko kuma ƙura ta cika ta har ta fara gajiya. Mu nan da hunturu ya shigo kowa yasan yadda ƙura take shiga ko ina, ga kyankyaso da kiyashi suna son wuri mai ɗumi, har tsaka ƙarama tana iya kutsawa ta ramukan iskar. Kashe kansa da yake yi kuma kare kansa yake, in zafi yayi yawa a ciki sai ya yanke. Tambayata a ina ake ajiye shi? Don nasan halinmu, a ƙasa ake girki, sai a ɗora shi kan tabarma ko ledar ɗaki ko ma kafet, alhali da yawansu ta ƙasa suke shaƙar iska, kunga an toshe masa hanci kenan, ballantana a watan Afirilu da Mayu da zafin garin kansa yake haura digiri 40. A samo masa benci ko teburin katako mai santsi, a janye shi daga jikin bango kamar tsawon tafin hannu, kar a ɗora shi kan tiren ƙarfe ko teburin ƙarfe don ƙarfen zai iya ɗaukar zafi shima. Ka zare fulogi ka juya shi ka share ramukan da busasshen tsohon buroshi, in ƙarar bata daina ba ka kaiwa mai gyaran rediyo da talabijin wanda ya san hannunsa, canjin fanka ba babban aiki bane. Kai dai kar ka kwance shi da kanka, akwai abubuwa a ciki dake riƙe lantarki ko bayan an zare daga soket. In an gama aiki ya huce a rufe shi da ƙyalle ko a mayar kwali.

TAMBAYA: Anti nawa in na rage shi can ƙasa don wake ya dahu a hankali sai naji ƙas, ruwan ya taso ya tafasa, sai kuma ƙas ya kwanta, haka zai tayi. Daga ƙanwarki a Gwaram.

AMSA: Ƙanwata haka aka yi shi. Ƙananan nan masu kai ɗaya da yawansu basu iya bada wuta kaɗan a jere ba, sai dai su bada su ɗauke su bada su ɗauke, ƙas ɗin da kike ji sauyin ne. Tukunya mai kaurin gindi tana riƙe zafi tsakanin ɗaukewar, sai dahuwar tafi tafiya daidai. Ki dai kula da madara da kunu don in ya taso zai iya yin bori.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mu garinmu a ƙasar Ɓaɓura wuta sai a hankali, in ta zo ma wani lokacin ko ƙwan fitila ja yake yi, toh mijina yana da sola da inbata a shagonsa na cajin waya dake jikin gida, sai muka ja waya zuwa ɗakina. In na kunna murhun sai inbatar ta hau ihu shima murhun yana wani gurnani mai kaushi ba irin wanda yake yi da wutar nepa ba, har mun fara samun saɓani yace zan kashe masa batir. Da gaske ne?

AMSA: Wa alaikissalam ƴar uwa, gaskiya ɗaya ce, wannan karon maigida ya fiki gaskiya. Juya murhun ki karanta ƴar takardar dake manne a ƙasansa, zaki ga an rubuta wat nawa yake ci, yawancin masu kai ɗaya tsakanin 1800 ne zuwa 2200. Wanda yake cin 2000 in kika ƙure shi awa ɗaya ya sha yunit 2 kenan, wayoyin shagon nan duka in aka haɗa su basu kama ƙafarsa ba. Inbatar da aka siya don caji da fanka da fitila ba zata ɗauke shi ba, ihun da take yi cewa take kaya yayi mata yawa. Batir kuma, babban nan mai bolt 12 da aka rubutawa 200 a jiki, in aka lissafa abinda yake ɗauka bai wuce yunit 2 da ɗan ɗori ba, kuma irin mai ruwan nan ba'a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, kinga tukunyar shinkafa da wake ɗaya ta isa ta kwantar dashi. Ko kin rage lamba ba lallai ki tsira ba, don kamar yadda na faɗawa ta Gwaram, fisga yake ya saki.

Gurnanin mai kaushi kuma daga irin wutar ne, ƙananan inbata masu araha wutar da suke fitarwa ba sumul take ba, a gutsure take, kayan lantarki da yawa basa sonta shi yasa suke ƙugi, kuma a hankali tana cinye su. Haka ƙaramin janareta ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, kar ma a gwada. In wutar gari ce tazo ba ƙarfi shima zaki ji sautinsa ya canza ko ya nuna wata lamba ya tsaya, don an yi shi ne ya samu bolt 220 zuwa 240, a irin wannan lokacin hura gawayinki kawai, ko in da hali a siyo istabilaiza babba wadda ƙarfinta ya ninka na murhun, ba irin ƙaramar ta talabijin ba.

Abinda yafi tayar min da hankali a saƙonki ma wayar nan ce da kuka ja. Murhu mai wat 2000 yana jan kusan amfiya 9, in siririyar waya ce irin ta fitila ko ekstenshan ɗin nan mai araha zata yi zafi ta narke, kuma a ɗakin da akwai katifa da labule, Allah ya kiyaye. Araha bata ado. A samu mai wayarin ya sa masa soket nasa shi kaɗai a bango da waya mai kauri, kuma ki riƙa taɓa kan fulogin bayan girki, ɗumi kaɗan ba komai amma in yana ƙona hannu ko yayi baƙi akwai magana.

TAMBAYA: Anti namu mai kai biyu ne, ƴata ƴar shekara bakwai kullum in na kunna duka biyun sai ta toshe kunne tace yana tsiii yana shigar mata kai, ni ina ɗan ji kaɗan, kakarta kuwa tace ƙarya take bata jin komai, har an fara cewa ko a kaita a yi mata ruƙiyya. Daga Kura.

AMSA: Maman yarinya, ƴarki ba ƙarya take ba kuma lafiyarta lau. Kunnen ɗan adam yana jin sauti har zuwa wanda yake kaɗawa wajen sau 20,000 a daƙiƙa, amma wannan na yara ne, da shekaru suna tafiya siririn sautin yana ɓacewa mutum, shi yasa ita take ji sosai ke kina ji kaɗan kakarta kuma bata ji sam. Ko kyanwar gida zaki ga tana barin wurin. Sannan in kai biyu suna aiki tare kowanne da saurin da yake kaɗawa, bambancin dake tsakaninsu shi yake fitowa a matsayin fito mai tsini. Ki gwada sa su a lamba ɗaya, ko ki ɗaga ɗaya ki rage ɗaya har kiji inda ya ɗauke, ko ki canza tukunyar da tafi siririn gindi. Addu'a kam kullum muna yiwa yaranmu, amma wannan a bar yarinya ta koma tsakar gida in ana girki ya wadatar.

TAMBAYA: Salam Anti, daga wani ƙauye kusa da Gumel. Ina tuƙa tuwon dawa a kai sai tukunyar ta kufce ta bugi gilashin naji tas, yanzu akwai tsaga siririya daga gefe zuwa tsakiya. Yana kamawa har yanzu amma rannan miya ta zubo naji tartsatsi ƙyas ƙyas da ɗan warin roba. In na liƙe da sefa gulu zan iya cigaba?

AMSA: A'a ƙanwata, dan girman Allah ki zare shi yau ɗin nan kar ki sake kunnawa. Duk ƙararrakin da muka yi magana a sama, zuuu da fuuu da ƙas da tsiii, ba mai haɗari a cikinsu in banda fankar Malam na Bichi da take son gyara da gurnanin wutar inbata na ta Ɓaɓura, amma naki daban ne. Ƙarar da tazo da wari, ko tartsatsi, ko hayaƙi, ko kika taɓa tukunya kika ji tana jan hannu, wannan lantarki ne yake bin inda bai kamata ba. Gilashin nan shine katangar dake tsakanin ruwan girkinki da wutar ciki, tunda ya tsage miya ta samu hanya, kuma gam ba zai jure zafin wurin ba. Ki bayar a kai Kano wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari a tambaya ko za'a samu gilashin irinsa, a kuma duba cikin tunda ruwa ya shiga, in kuɗin gyaran ya kusa na sabo toh ki haƙura ki tara ki sayi sabon.

In Allah ya hore wani, tuwo mai yawa dai ki barwa murhun ƙasa. Tuƙi yana son tukunyar da za'a danne a juya muciya da ƙarfi, shi kuma wannan tukunya tana zamewa a kansa, da ta ɗan ɗaga ya yanke wuta ya hau ƙit ƙit, ga nauyi ga bugu a kan gilashi. Ki tafasa ruwan a kai in kina sauri, kiyi miyarki, shayi, taliya, ɗumame, ko ɗan tuwon mutum biyu a ƙaramar tukunya kina riƙe da hannunta da tsumma. Kuma kar ki ja tukunya a kai, ɗagawa ake, don ƙwayar yashi ɗaya a gindinta ta isa ta karce shi.

Wadda ta turo daga Kazaure tana cewa nata yana yin ja jawur kuma yana karɓar tukunyar dalma, ƴar uwa naki ba indakshan bane, infirared ne, fuskarsu ce kawai iri ɗaya, shi da gaske zafi yake yi daga ƙasa, don haka ki turo min irin ƙarar da yake miki dalla dalla sai mu duba a fitowa ta gaba.